Ganuwar da Akuya ta Hau

Ku ƙaraso, ga tabarma nan. Kai mai jar hula, kai ne ka ce ginin ƙasa ai laka ce kawai, a kwaɓa a liƙa? Na jiyo ka tun kana bakin zaure. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena lafiyarsa ƙalau. Ban ji haushi ba, ni ma na faɗi abin da ya fi wannan ina kamar ku. Kun ji an ce za a yi gyaran ganuwa, ana neman masu hannu, shi ne kuka zo wurin Habu magini ya koya muku a sati biyu. To madalla. Amma kafin ku taɓa ƙasa sai kun ji yadda na raba wata tsohuwa da gidanta, alhali aikin da na je yi don ta zauna a cikinsa ne.

Aikin farko da maigidana ya ba ni taka ƙasa ne. Sunansa Baba Bukar, mutumin Sheshe. Kakanninsa malamai ne da suka zo daga Barno tun da daɗewa. Shi kuwa yana sauke Alƙur'ani ya ce gini yake so, aka yi ta fama da shi har aka gaji aka ƙyale shi. Shekara biyu ina wurinsa ban ɗora tubali ko ɗaya ba. A haƙo jar ƙasa da diga, a farfashe ta da fartanya, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin doki in an samu, sannan ka naɗe wando ka shiga da ƙafa. Ka yi ta cuɗawa har dunduniyarka ta tsattsage. A tara ta a rufe, a bar ta ta ruɓa, bayan kwana uku a buɗe a sake takawa. Baba yakan zo ya gutsuri kaɗan ya sunsuna. In ya yar ya wuce bai ce komai ba, to ba ta yi ba, ka koma ciki. In ta yi kuwa sai ya ce, "Habu, je ka wanke ƙafa." Iyakar yabonsa ke nan, kuma wallahi ranar nakan ji kamar an naɗa ni sarauta.

Kayan aikinmu ba yawa. Diga, fartanya, daro, tsani, sai madaɓi na daɓe. Saura duk a jikinka suke. Awo da kamu da taƙi ake yi, miƙewar bango kuwa ido ke gani. Tubalinmu ba irin bulonku ba ne mai kusurwa huɗu, curi ne na hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, ana cillo masa yana cafewa, yana jerawa, yana cika tsakani da kwaɓi. In an ɗaga kamu ɗaya ko biyu sai a sauka, a bar shi ya bushe. Wannan jiran shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne masu gida ba sa so. Na tuna wani mai fataucin goro a nan Koki da muka yi wa soro. Kullum da hantsi yana nan tsaye, carbi a hannu: "Baba, yau ma ba a hau ba?" Ranar da ya ishe shi, Baba ya kama hannunsa ya danna yatsansa a bangon, yatsan ya nutse. Ya ce, "Alhaji, in kana so mu hau, mu hau, amma kai za ka fara kwana a ciki." Daga ranar sai dai ya aiko mana da fura.

Wata rana mun tashi daga yaɓe a wajen Ƙofar Kabuga da sauran rana, sai Baba ya ce mu bi ta jikin ganuwa. Lokacin tana da sauran jiki, ba kamar yanzu da ta koma tsibi-tsibi ba. Ya ce, "Hau." Na hau ta ciki ko dafawa ban yi ba, gangara ce mai sauƙi. Kusa da sama akwai dandamali da ya bi jikinta. Ya ce shi ne ainihin badala, kafin sunan ya game ganuwar duka, kuma a nan 'yan baka suke tsayawa. Bangon da ke gabansu yana rufe su, da 'yan kafofi da ake leƙe ana harbi. Sai ya ce in sauka, in zaga ta ƙofa, in hau ta waje. Na zaga da tsallena. Ina! Tana tsaye ƙyam, sumul, ba inda yatsa zai kama. Taku uku na yi na zame, na faɗa ramin da ke gindinta, ƙaya ta karɓe ni. Baba yana sama yana leƙo ni, yana cin goronsa.

Da na dawo ina cire ƙaya, ya ce, "Ka gani? Bangon gida duk fuskokinsa biyu naka ne. Ganuwa fuska ɗaya ce taka. Ta ciki a yi ta yadda tsohuwa za ta hau da tulu ta kai wa masu tsaro ruwa. Ta waje a yi ta yadda ko akuya ba za ta iya ba." Ya nuna mini ramin, ya ce ƙasar da aka gina ganuwar daga nan aka haƙe ta, sannan aka shuka sarƙaƙiya a ciki don kada doki ya ƙaraso. Ya nuna mini yadda ake ƙuntata ƙofa, a shige da ita ciki, wanda ya zo fasa ta kibiya ta same shi ta dama da hagu. Ya ce mayaƙa sun sha zuwa su yi zaman dirshan a waje har guzurinsu ya ƙare su juya, domin a cikin ganuwa akwai gonaki, akwai ruwa. Ko Turawa da suka zo da igwa, in ji shi, ƙofa suka fasa, jikin ganuwar haɗiye harsashi ya yi ta yi. Ni dai ban gani ba, yadda ya faɗa nake faɗa muku.

Sai bulo da siminti suka ci gari. Gidajen da muke yi wa yaɓe duk shekara kafin ruwa suka daina kiranmu. In an kira ka ma, rushewa za ka yi, don kai ka san inda azara take, ba za ta karye ba. Na rushe soron mai goron nan da hannuna, 'ya'yansa suka sa bene. Baba ya tsufa, baya ya hana shi hawa bango, ya koma zaman zaure. Abokan aikina wasu suka koma leburanci, wasu suka kama acaɓa. Akwai shekarar da rani ya zo ya kusa fita ban taka ƙasa ba ko sau ɗaya, ina da iyali, har tsanina na sayar.

A ƙarshen wannan ranin wani injiniya saurayi, mai ladabi, ya zo har nan ya yi sallama. Ya ce wasu masu kishin kayan tarihi sun haɗa ƙarfi za a gyara wani yanki na ganuwa a wajen Kabuga, kamar taku arba'in, inda sama ta zube. An ce masa ni ne yaron Baba Bukar. Sai dai an makara, bazara ta shigo, in an yi sa'a saura wata biyu ruwa ya sauka. Ban ko bari ya gama ba na ce na karɓa.

A gindin wannan yankin, ta ciki, akwai wani ɗan gida mai ɗaki biyu da ya jingina da ganuwar. Na Inna Falmata ne, wata tsohuwa mai haɗa turaren wuta, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita da awakinta. Ranar da na je duba wurin ta leƙo daga zaure.

"Kai ne maginin?"

"Ni ne, Inna."

"Yaron wa?"

"Yaron Baba Bukar na Sheshe."

"To alhamdulillahi, an kawo na gida. Zo ka sha ruwa."

Ina shan ruwan ta ba ni labari. Babban ɗanta, Alhaji Modu, ya gina gida can bayan gari, ya ware mata ɗaki har da fanka. Shekara da shekaru yana roƙonta ta koma, tana ƙi. Bana ya ga yadda ganuwar ta tsage a kan ɗakinta, ya rantse in damina ta faɗi tana a haka, zai ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. Ta ce, "Ni a cikin badala aka haife ni, a ciki aka kawo ni gidan nan, ban taɓa kwana a wajenta ba. Yanzu da tsufana a kai ni inda ban san sunan maƙwabciyata ba? Habu, zamana a gidan nan yana hannun Allah, yana hannunka." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, in Allah ya yarda ba inda za ta.

To ga inda na yi ɓarna, ku saurara da kyau. Tsohon ramin nan na waje ya zama kududdufi, a nan ruwa yake, don haka a waje muke kwaɓa ƙasa. In zan tayar da fuskar waje tsaye kamar yadda aka gada, sai an yi ta cilla tubali hannu zuwa hannu, kuma kowane kamu biyu sai a jira ya bushe. Na lissafa kwanakin, na ga ruwa zai tarar da mu. Sai dabarar maginin gida ta zo mini. Na ce a faɗaɗa gindin ta waje, a kwantar da fuskar. Bango mai jingine ba ya buƙatar jira kamar mai tsaye, ga shi leburori za su riƙa hawa da daro a ka, aiki ya yi sauri. Ko a gida ai bango mai faɗin gindi shi ke daɗewa. Takardar injiniya tsawo da kauri kawai ta faɗa, ba ta ce komai a kan tsayuwar fuska ba. Kada ku ce mantuwa na yi. Na tuna maganar Baba sarai, na ce a raina ai wannan maganar yaƙi ce, yaƙi kuwa ya wuce.

Sati biyar muka gama. Muka yi yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan da ke hana ruwan sama cin bango. Kai, ta yi kyau! Ja wur, tana sheƙi. Masu wucewa suna tsayawa suna ɗaukar hoto, injiniya ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Alhaji Modu ya zo ya duba, ya ce shi ke nan, Inna ta zauna. Ranar tsohuwar nan har guɗa ta yi, ta ba ni turare a kwalba na kai wa maiɗakina. Kaina ya kumbura, na je Sheshe na ɗauko Baba a Adaidaita don ya ga aikin yaronsa.

Ta ciki ya fara dubawa, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai. Sai ya ce a zaga da shi waje. Ya tsaya yana dogara sanda, ya daɗe yana kallo. Ya juya wajen Inna Falmata, wadda ta biyo mu da mayafinta.

"Ya Falmata, ara mini akuya ɗaya."

"Me za ka yi da akuya, Bukar?"

"Aiki zan ba ta."

Aka jawo wata baƙar akuya mai ciki, ita ce ma mafi nauyi a garken. Baba ya sa aka jefa ƙunshin ganyen rogo can saman ganuwar, ya ce a sake ta. Ta dubi ganyen, ta dube mu, ta kama hawa. Ko gudu ba ta yi ba. Tafiya take a hankali kamar mai zuwa barka, har ta kai sama, ta tsaya tana tauna tana kallonmu. Leburori suka fashe da dariya, Inna ma tana dariya har da riƙe ciki, tana cewa, "Kun ga 'yar nema!" Ban da Baba, ni kaɗai na san abin da ya faru.

Baba ya ce, "Habu, sare fuskar nan. Daga sama har ƙasa."

Na ce, "Haba Baba, wane yaƙi ake jira yanzu?"

Ya ce, "Kai ne ka san an daina yaƙi, akuya ba ta sani ba. Yau ta hau, gobe garken ya hau. Jibi mai zuwa kasuwa ya ga gajeriyar hanya. Inda ƙafa ta bi yaɓe zai kankare, inda ya kankare nan ruwa zai bi. Kana tsammani mutanen da don doki kawai suka tsayar da ita?"

Na ce, "To, Baba." Kun san wannan "to" ɗin, ku ma kuna yi wa iyayenku irinta.

Da na mai da shi gida na dawo na tsaya ina kallon gabas. Hadari ya fara haɗuwa. In na sare fuskar, sai na buɗe cikin ginin, ruwa ya same shi tsirara, wataƙila ya zube gaba ɗaya. Ga masu aikin sun riga sun karɓa sun yaba. Ga Alhaji Modu, in ya ga an sake sa diga zai ce aikin bai yi ba, ya ɗauke uwarsa. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne. Amma akwai na huɗu, shi ne kunyar a ce Habu ya rushe aikinsa saboda akuya, kuma shi ya fi nauyi. Sai na saro ƙaya na jibge a gindin, na ce da rani na dawo in gyara a tsanake. Ban faɗa wa Inna komai ba. Baba kuma bai sake tambayata ba.

Ƙayar ko sati ba ta yi ba, aka kwashe aka hura wuta da ita. Da na koma bayan ruwa na uku na tarar da hanya fara sol ta hau ganuwar ta sauka ta ciki, dab da bayan ɗakin Inna. Awaki na bi, masu tallan abinci na bi, har wani na gani yana tura keke. Na liƙe wurin da kwaɓi, na yi faɗa, aka ba ni haƙuri, ina juya baya aka ci gaba. Damina ta yi nisa, hanyar ta zama kwata, zurfinta ya kai gwiwa. Shekarar kuwa an yi ruwa ba na wasa ba.

Wata Laraba aka tashi da ruwa tun safe, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Kududdufin waje ya cika ya kawo har gindin ganuwar. Ruwan da ya bi kwatar ya shiga tsakanin sabon gini da tsohon, ya raba su. Ina gida aka aiko. Na tarar rabin aikina ya sulale ta ciki ya danne ɗakin kwanan Inna, ruwa yana bi ta kansa yana shiga tsakar gida. Allah ya kiyaye, tana zaure tana kaɗa awaki lokacin da ya zube. Tana zaune a kan turmi a ƙofar maƙwabta, jikinta sharkaf, an lulluɓa mata zani. Da ta gan ni sai ta ce, "Sannu Habu, aikinka ya lalace." Ni take yi wa jaje! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin magariba Alhaji Modu ya zo da mota ya ɗauke ta. Bai yi mini magana ba, ban kuma ga laifinsa ba. Washegari muka je da Baba muka tono abin da ya tonu, gado, akwati, tukwanen turare. Baba yana zaune a kan kujera yana nuna mini da sanda inda azara take. Har muka tashi bai ce "na faɗa maka" ba. Na so in sake gina mata ɗakin da ƙarfina, amma aka ce ba a ƙara gini a jikin ganuwa, kuma gaskiyarsu ce. Wurin ya zauna a buɗe. Kafin wata damina giɓin ya faɗaɗa, aka daddaɓe shi da ƙafa, ya zama hanya sosai.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa gaishe ta. Gidan Alhaji Modu mai kyau ne, ba abin da aka rage ta da shi. Na same ta a kan darduma a ɗaki mai tayil, ta rame, ba turare, ba akuya. Muka gaisa. Na sunkuyar da kai na faɗa mata duka, da akuyar, da abin da Baba ya ce, da "to" ɗin da na yi masa. Ta ce, "Ai ina wurin, Habu. Dariya nake amma kunnena yana ji. Ni ma na so a bar ta, don kada Modu ya ga diga. Ni da kai muka yi." Na ce a'a, ni ne magini. Ta ce to Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Na tashi zan tafi ta ce in dakata.

"Da gaske ne an ce yanzu har babura na wucewa ta wurin?"

"Gaskiya ne, Inna."

"Ta ina suke bi? Ta zaure ko ta bayan ɗaki?"

"Ta bayan ɗaki."

Ta kama murza bakin mayafinta. Can ta ce, "To don Allah ka ce musu su riƙa rage gudu a wurin. Cibiyar 'ya'yana bakwai na nan a binne, huɗu daga cikinsu ba su rayu ba."

Na ce mata to. Bayan wata uku ta rasu a can, kuma har yau ban san wa zan faɗa wa ba.